Kafin ka nemi kuɗin bincike, ina littafin majinyatanka?

Yaron da ya jefa ni cikin wannan harka shekarunsa bakwai. Mahaifiyarsa ta kawo shi sashen yara tana cewa yana yawan faɗuwa, kuma a unguwa an ce mata shan inna ne. Na ce ya zauna a ƙasa ya tashi. Sai ya juya ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, yana bin jikinsa kamar mai hawa tsani, kafin ya miƙe. Sha-raɓarsa jibga-jibga kamar ta ɗan ƙwallo, amma ba ƙarfi. Na tambaye ta ko a ɗakinsu an taɓa samun namiji mai irin wannan. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce ƙaninta, kawun yaron ke nan, ya daina tafiya yana da shekara goma sha biyu, bai kai ashirin ba Allah ya karɓi abinsa.

Wannan ita ce cutar shanyewar tsoka da ake kira Duchenne, sunan likitan Faransa da ya yi bayaninta. Tana kama kusan ɗaya cikin yara maza 3,500 zuwa 5,000. Ƙwayar gadon da ke samun tangarɗa tana kan zaren halittar da ake kira X, wanda ɗa namiji ke gada daga uwarsa kaɗai, shi ya sa cutar ke bin dangin uwa. An gano ƙwayar a 1986, kuma tana cikin mafiya tsawo a jikin ɗan Adam, gaɓoɓinta 79. Duk wannan na haddace shi tsaf, har na ɗauka haddar ce za ta kawo min kuɗi.

Lokacin shirin H3Africa na tashe, wanda cibiyar NIH ta Amurka da gidauniyar Wellcome ta Ingila suka ɗauki nauyi don binciken ƙwayoyin gado a Afirka. Kowane ƙaramin likita irina yana mafarkin ɗakin gwaji nasa na kansa. Na zauna wata biyu na rubuta wa wata gidauniyar waje takardar neman tallafi. Na ce zan karanta ƙwayoyin gadon duk yaran da ke da cutar tsoka a Arewa maso Yamma, zan sayi injin karantawa, zan horar da ma'aikata, zan wayar da kan jama'a ta rediyo, duk a shekara uku. Na buɗe da jimlar nan da kowa ke buɗewa da ita, cewa 'yan Afirka kaɗan ne ƙwarai a binciken gado na duniya. Maganar gaskiya ce, amma mai tantancewa ya karanta ta sau ɗari kafin ya iso tawa.

Amsa ta zo bayan watanni. Ba a ba ni ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne tambayar ɗaya daga cikin masu tantancewar: yara nawa masu wannan cuta ka gani a shekara biyar da ta wuce, kuma nawa ne za ka iya nemo su gobe? Na yi fushi na kwana biyu, na ce raini ne kawai irin na Turawa. A rana ta uku na gangara ɗakin ajiye fayil don in tattaro adadin in ƙaryata shi. Abin da na tarar ya sanyaya min jiki. An rubuta wa wasu "shan inna", wasu "raunin ƙafa", wasu fayil ɗin ma ya ɓata. Adireshi kuwa "bayan masallacin Juma'a", ba lambar waya. Yaran da na tabbatar da su da hujja ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ashe mutumin ya san abin da yake tambaya.

Ƙannena, a nan nake so ku tsaya ku saurara. A binciken cutar da ba kasafai ake samunta ba, jarinka ba inji ba ne, ba kuma iya Turanci ba. Injin karanta ƙwayoyin gado yana nan birjik a ƙasashen masu kuɗin, kuma farashin aikin kullum sauka yake yi. Abin da ba su da shi, kai kake da shi, shi ne majinyatan da aka duba da kyau, aka rubuta tarihinsu, aka san gidajensu, kuma iyayensu suka yarda da kai. Ni na je neman kuɗin siyan abin da suka fi ni, na bar abin da na fi su yana lalacewa a ɗakin fayil.

Na sayi babban littafi mai bangon kwali a kasuwa. Duk yaron da ya zo da raunin tsoka, in rubuta shekarar da ya fara tafiya, shekarar da ya fara faɗuwa, daƙiƙa nawa yake ɗauka kafin ya tashi daga ƙasa, in zana bishiyar danginsa har kakanni, in karɓi lambar waya biyu, ta uba da ta wani kawu ko gwaggo. Na roƙi masu gashin ƙashi da likitocin ƙashi su riƙa turo min irin waɗannan yara, domin wajensu suka fi zuwa. Akwai gwajin jini mai sauƙi da ake kira CK, wanda a wannan cuta yakan ninka na mai lafiya sau goma har fiye da haka nesa, kuma ana yin sa a nan gida. Shekara biyu ina wannan ba da sisin kowa ba. Da na sake rubuta takarda, tambaya ɗaya tak na yi: cikin yaran nan da ke littafina, wace gaɓa ce ta ɓace a ƙwayar gadon kowannensu? A wasu ƙasashe an san kusan kashi biyu cikin uku na masu cutar ɓacewar gaɓa ce ke jawo musu ita, kuma akwai gwaji mai rangwame da ke gano hakan ba sai an karanta komai da komai ba. Kuɗin da na nema bai kai ushirin na farko ba. Shi aka ba ni.

Wani abu kuma: kalmar "cuta mai wuyar samu" tana da ma'anarta a doka, ba yadda ka ga dama ba. A Tarayyar Turai ita ce wadda ba ta kama fiye da mutum ɗaya cikin 2,000 ba. A Amurka, bisa dokar 1983 da gyaran da aka yi mata a 1984, ita ce wadda masu ita ba su kai 200,000 ba a ƙasar. Da wannan ma'auni sikila cuta ce mai wuyar samu a can, alhali a Najeriya ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara. Saboda haka mai aikin sikila yana iya ƙwanƙwasa ƙofar da bai zaci tasa ba ce, mai aikin Duchenne kuma ya shirya amsar tambayar da za a yi masa a gida: ana fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa, me ya sa za a kashe kuɗi a kan yara ƙalilan? Amsata ita ce yaron da aka gane cutarsa da wuri yana iya samun ƙarin lokacin tafiya da ƙafarsa da maganin prednisolone, wanda ba shi da tsada, kuma iyayensa sun huta da sayar da gona don neman maganin sammu.

Kurakuran takarda ba zan daɗe a kansu ba, amma sun ci ni. Na taɓa kammala rubutu tsaf don wani tallafin gwamnatin Amurka, saura kwana goma a rufe, sai na gano ba ni ne mai turawa ba, jami'a ce, kuma sai tana da rajista mai rai a SAM da Grants.gov, shafukan intanet na gwamnatin Amurka da masu neman tallafinta ke bi, abin da kan ci makonni shida ko fiye. Ban taɓa leƙa ofishin kula da bincike na tambaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka izinin kwamitin ɗa'ar bincike, haka yarjejeniyar fitar da samfurin jini zuwa waje, wadda in babu ita jinin ba zai tsallake iyaka ba, kuma ita ce za ta fayyace wane ne mai samfurin da abin da aka yarda a yi da shi. A gida kuma, asusun bincike na TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, da taƙaitaccen bayani ake fara shiga, sai ya tsallake a nemi cikakkiyar takarda, don haka shafukan nan kaɗan ne za su ci mafi yawan guminka.

Kasafi kuwa lissafin dokin Rano na yi. Na rubuta shi da naira a farkon 2023, dala tana wajen 460 a farashin gwamnati. A watan Yuni aka saki naira, kafin a shiga tsakiyar 2024 dala ta haura 1,400, alhali kowane sinadarin gwaji da dala ake sayo shi. Na kuma manta da man janareta na firiza, na manta da kuɗin motar iyayen da za su ɗauko yaron da ba ya tafiya daga ƙauye. Dole na rage yawan yaran da za a gwada, na rubuta wa masu tallafin ina ba da haƙuri.

Amma kuskuren da har yau yake hana ni barci ba na kuɗi ba ne. A takardata na cika shafuka kan yadda za a ɗebi jini da yadda za a adana shi, ban rubuta layi ɗaya ba kan yadda za a gaya wa iyali sakamako. Takardar amincewa ma fassarar Turanci ce kalma da kalma, wadda ni kaina sai na karanta sau biyu nake gane ta. Mutanen da suka ji labarin gwajin maganin sanƙarau da aka yi a Kano a 1996 suna da dalilin tambayar ina za a kai jinin 'ya'yansu, kuma sun cancanci amsa da Hausar da suke ji.

Da sakamakon wani yaro ya fito, na zaunar da uba da uwa tare, na yi bayani kamar ina gaban ɗalibai, har na ce cutar ta ɓangaren uwa take zuwa. Ban ma gwada matar ba. Kuma na sani sarai cewa kusan ɗaya cikin uku na yaran nan tangarɗar a kansu take farawa, ba gadonta suka yi ba. Mutumin bai ce komai ba, ya yi godiya, suka tafi. Bayan wata uku kakar yaron ce ta kawo shi. Na tambayi mamansa, ta ce tana gidansu.

Tun daga ranar, duk takardar da zan rubuta akwai layin kuɗin ma'aikaciyar jinya da aka horar kan yi wa iyali bayanin cutar gado, da kuɗin zama biyu da kowane iyali, na farko da uwa ita kaɗai, ita za ta zaɓi wanda za a gaya wa da yadda za a gaya masa. Wani mai tantancewa ya taɓa cewa layin ya yi tsada, a rage. Na rubuta masa labarin nan a sakin layi ɗaya, ban sa suna ba. Aka bar kuɗin yadda yake.

Yaron yana nan a shafi na goma sha ɗaya na littafin. Yanzu a keken guragu ake kawo shi, kuma har yau kakar ce ke turo keken.