Ashe babban yatsan hagu ne ɓarawon

Jama'a, yau da sassafe a filin ƙwallon kwando na zura 41 cikin 50 daga layin firi-turo, wato layin jifan da ake yi ba tare da mai tarewa ba. Ni da na yi wata uku ban wuce 28 ba! Zama na yi a kan siminti ina dariya ni kaɗai kamar sabon kamu.

Matsalar kun san ta, don na sha kawo muku kuka: ƙwallon ba ta gazawa, ba ta zarcewa, kullum sai ta karkace dama ta daki gefen zobe. Na zargi gwiwar hannu, na matse ta ciki har kafaɗa ta yi tsami. Na gyara tsayuwa, shiru. Har ƙwallon na zarga, na kashe naira 30,000 a kan sabuwa ta fata, ashe ta filin cikin ɗaki ce. Sati biyar siminti ya cinye ta. Kuɗin nan har gobe yana mini ciwo.

Ƙanena ne ya ɗauke ni bidiyo ta baya, muka rage gudunsa. Ya ce, "Yaya, dubi hannunka na hagu." Sai ga babban yatsa yana tunkuɗa ƙwallo daidai lokacin da take barin hannu. Hannun da aikinsa tallafi kawai, ya zama majefi na biyu. Shi ya sa layukan jikinta ke juyawa a karkace maimakon su juyo baya sak. Faɗin zobe santimita 45 ne, ƙwallo kusan 24, wato kimanin 10 ya rage a kowane gefe. Ɗan turin nan ya isa ya cinye shi.

Maganin da na yi: tsohuwar kwandala na maƙale tsakanin babban yatsan hagu da manuniya. In ta faɗi, na tura ke nan. Kwana ukun farko tsintar kwandala na fi yi, yara na mini dariya. Wani ma cewa ya yi in koma jifa daga tsakanin ƙafafu irin na Rick Barry, tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando na Amurka. Shi dai a zamaninsa kusan 9 cikin 10 yake zurawa, amma ni a filinmu? Allah ya kiyaye!

Yanzu kuma ina kan jifan maki uku ne. Na gwada daga mita 6.75, yatsan ya dawo da halinsa nan take, saboda ƙarfin bai taso daga ƙafa ba. Kwandalar tana aljihu, gobe sai mu sake.