Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Baƙon da ya zauna a bayan ajina

A makon jiya na tsaya a inda aka mayar da ni makarantar ƙauyen nan na bakin fadama, a ƙasar Haɗejia. Takardar canjin wurin aiki ta same ni ina tsaka da darasi. Ban yi wa kowa laifi ba. Ba ni dai da wanda zai sa baki a kaina, waɗanda suke da shi kuwa suka yi zamansu a gari. Tun da na san aikin nan haka rabon malamai yake tafiya: makarantar bakin titi ta cika har wasu su rasa ajin shiga, ta bayan kogi kuma a tura mata marar gata.

Mu huɗu ne malaman, har da hedimasta, a kan azuzuwa shida. Aka ba ni 'yan aji biyu, yara 94 a rijista, fiye da rabinsu a kan buhu suke zama. Da damina sai na tuɓe takalmi na naɗe wando kafin in isa.

Ni ɗan UPE ne, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. A 1976 aka sa ni firamare, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta ce kowane yaro ya shiga kyauta, yara suka kwararo fiye da ƙarfin malaman da ake da su. Daga nan na yi kwalejin horon malamai na fito da Giredi Tu. Da aka ce NCE ce mafi ƙarancin takardar malami, na shiga karatun ƙarshen mako na Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI mai hedikwata a Kaduna, na samu. Takardu kam ina da su a akwati. Amma tun daga koyarwar gwaji ta kwaleji, shekara ashirin da ɗoriya, babu wanda ya sake zama ya kalli yadda nake koyarwa. Sufeto yakan zo, ya duba rijista da littafin tsara darasi, ya sa hannu, ya hau babur. Ni kuma in ci gaba yadda aka koya mini: in rubuta a allo, in faɗa, yara su amsa da ƙarfi, wanda ya yi shiru ya ga bulala.

A lokacin shirin ESSPIN na tallafa wa harkar ilimi, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa tun 2008, ya riga ya shigo Jigawa da Kano da Kaduna. Wata Talata sai ga wani matashi a kan babur, ƙafafunsa duk taɓo. Hedimasta ya ce jami'in tallafa wa makarantu ne. A haife na kusa haifarsa. Na miƙa masa kujerata, ya ce, "Baba Malam, ka bar ni a can baya tare da ƙannena." Ya je ya zauna a kan buhu.

Ranar na zuba darasi. Yara suka jero A har Z, ajin yana amsawa kamar zai tsage. Da aka fita tara, ya ce in ba shi aron yara goma, ni in zaɓa. Na zaɓo masa gwanayena. Ya ciro guntun kwali ya rubuta "kaka", yana kiransu ɗaya bayan ɗaya. Yaro ya kalli kwalin, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai. Wani ya ce "A fo aful". Mutum ɗaya ne ya karanta, shi ma ɗan da ya yi shekara a gidan kawunsa a Dutse ne.

Har yau in na tuna tsayuwar nan sai ƙirjina ya yi nauyi. 'Ya'yan masunta da manoma ne, iyayensu sun hana kansu taimakon gona sun turo mini su, ni kuma wata bakwai ina sa su ihu.

Na jira faɗa, bai yi ba. Ya ce, "Baba Malam, ka fi ni sanin yaran nan. Abu ɗaya zan nuna maka, in bai yi ba ka watsar." Bayan tara ya karɓi alli. Ya rubuta k, bai kira sunanta na Turanci ba, ya fitar da sautinta. Ya rubuta a. Ya haɗa su, ka. Ya sa yara suna tafa hannu a kan kowace gaɓa: ka-ka, ba-ba, ku-ka, ra-na. Ya raba su rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni kwalaye su haɗa kalma da kansu. Kafin a tashi, wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta haɗa "kifi", ta ɗago tana dariya, don abin da babanta yake kamawa ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne manufar ilimi ta ƙasa ta wancan lokacin, tun 1977, ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa a shekarun farko na firamare. Na haddace wannan na ci jarrabawa da shi. Yadda ake yinsa a gaban yara casa'in ne ba a taɓa nuna mini ba. Shi ya sa a 2017, da aka yi wa malaman firamare na Kaduna jarrabawa sama da dubu 21 suka faɗi, ana ta zagin malamai a majalisu, ni na kasa shiga zagin. Akwai waɗanda bai kamata su riƙe alli ba, wannan gaskiya ne. Amma nawa ne a cikinsu aka jefa ƙauye aka manta da su kamar yadda aka manta da ni?

Matashin nan bai ɓace ba. Ya riƙa dawowa, ya zauna a baya, bayan darasi mu zauna gindin darbejiya ya fara da abin da na yi daidai kafin ya taɓo gyara. Aka haɗa mu da malaman ƙauyukan kusa muna bita tare, kowa ya tashi ya gwada darasi a gaban 'yan'uwansa. Na fara tara marfin kwalba da tsinkayen kara don lissafi. Bulalata ta koma sandar nuni a allo.

Ana gab da hutun zango na uku, yarinyar nan mai "kifi" ta raka mahaifiyarta asibitin ƙauye, ta tsaya ta karanta mata takardar rigakafin da aka liƙa a bango da Hausa, tun daga sama har ƙasa. Labari ya zaga gari. Ranar Litinin da sassafe na tarar da mahaifinta tsugune a ƙofar ajina, da busasshen kifi a ƙunshe cikin takarda. Muka gaisa, ya miƙo mini, sannan ya ce, "Malam, magana ce ta kawo ni a kan 'yar taka, ban kuma san yadda za ka ɗauke ta ba."

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.