Wasiƙa Daga Harbin Kan Kalmar "Very"

Assalamu alaikum, 'yan uwana na gida. Ina fatan kowa yana lafiya.

Tun da na fara koyar da Turanci a birnin Harbin na ƙasar Sin kuke ta tambayata abin da ya fi ba ɗalibaina wahala, wasunku kuma suna son jin labarin sanyi da na takardar izinin zama. Amsar tambayar farko ita ce "very", bayanau ɗin da nake gyarawa kusan a kowace takarda.

Sinawa suna da kalmar "hen", wadda suke sawa a gaban wasu aikatau, su ce "wo hen xihuan", wato ina so sosai. Sai ɗalibi ya kwaso wannan tsari ya rubuta "I very like football", alhali Turanci bai yarda "very" ta zauna gaban aikatau ba. Aikinta shi ne ƙarfafa sifa ko wani bayanau, kamar "very cold" da "very slowly". Idan aikatau ake son ƙarfafawa, sai a ce "I like football very much", ƙarfafawar ta koma ƙarshen jimla, daidai yadda muke cewa ina son ƙwallo sosai. Bahaushe ya taso da wannan tsari a bakinsa, shi ya sa nake ganin malamanmu na gida za su sauƙaƙa wa yara idan suka riƙa kafa misali da Hausa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sau da yawa "hen" ba ta ƙarfafa komai. Basine zai ce "wo hen hao", nufinsa yana lafiya kawai, amma da ya zo Turanci sai "very" ta cika masa shafi, har ya rubuta "very better" inda ya kamata ya ce "much better". Wannan yana damuna ƙwarai, domin a jarrabawar gaokao ta shiga jami'a harshen waje yana da maki 150 cikin 750 a yawancin larduna. Nakan gaya musu cewa asalin kalmar "very" shi ne "verai" a tsohon Faransanci, ma'anarta gaskiya, kamar yadda mu ma muke cewa ƙwarai da gaske, don haka kada su sa ta sai inda ta dace.

Sanyi kuwa, a watan Janairu yakan wuce digiri 20 ƙasa da sifiri da dare. Batun takardu sai wasiƙa ta gaba, in Allah ya yarda.

Naku,
malamin Turanci a Harbin