Godiya kan haƙorin Inna

Alhamdulillahi. Ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa Inna ta samu sauƙi. Kumburin kuncinta ya sauka, ta koma cin tuwonta, turmin da muka ɗauka sai an cire kuma yana nan daram.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga likitar haƙorin da ta duba ta a Asibitin Koyarwa na Shika. Jijiyar haƙorin ce ta mutu, mugunya ta taru a gindin saiwa. Maimakon cire haƙorin, sai ta kankare ramin jijiyar ta wanke shi. Da na ga lokacin wankin ya fi na kankarar yawa, sai na tambayi dalili, kasancewata malamin kimiyya. Ba ta ƙosa ba. Ta ce, "Malam, ramin nan yana da rassa da lunguna da ƙarfe ba ya taɓawa, ruwan magani ne kaɗai ke shiga."

Ruwan gishiri kora kawai yake yi, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ruwan maganin kulohekzidin mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 yana kashewa, amma ba ya narkar da mataccen nama. Sodiyam haifokulorait, ɗan uwan bilic ɗin wanki da aka sirka daidai gwargwado, shi ke yin duka biyun, shi ya sa ta killace haƙorin da roba tukuna, don yana ƙona nama idan ya zarce. Ta bi da wani ruwan magani, EDTA mai ƙarfin kashi 17 cikin 100, don ɗauke dattin kankara da ke toshe ƙananan ƙofofi. Maimakon ta tsaya kan sirinji, ta sa siririn ƙarfe mai karkarwa ya kaɗa ruwan a ciki.

Abin da ya ƙara mini ganin girmanta shi ne ba ta zuga na'urar ba. Ta ce kaɗawar ta fi sirinji tsabtace lungu, amma warkewar ƙashi ta fi rataya ga haƙurin wanki da ciko mai kyau. Likita, Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan magabata.

Ma'aikatan jinya da suka riƙa lallashin Inna, maƙwabtanmu na Tudun Wada da suka yi ta sintirin dubiya da kunu, da Yaya da ya ɗauki nauyin kuɗin magani, Allah ya bar zumunci.

Za mu koma ɗaukar hoton saiwar bayan wata 6 don a ga ko ƙashin ya cike. A ci gaba da sa ta cikin addu'a.