TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 6: Daren aragi a Gadarif

Salamu alaikum jama'a, makon jiya mun tsaya a inda na baro garinmu Mai Wurno na hau lori zuwa Gadarif a gabashin Sudan yankan riɗi, to ga ci gaba.

Shi riɗi baya jira, in ya nuna ka yi sake kwanson ya fashe to ya zube ƙasa shikenan, shi yasa masu gonaki ke kwaso ma'aikata daga ko'ina, jangu ake ce mana, mu Hausawa da 'yan Darfur da Habashawa duk kambo ɗaya, wato sansanin ma'aikata, muke kwana.

Ranar da aka fara biyanmu wani abokin aikina yace zo muje ka sauke gajiya, ni wallahi na ɗauka wajen mai jabana, wato kofi, zamu. Sai gamu a wata bukka can bayan kasuwa, wata mata na zuba abu fari tas kamar ruwa a ƙananan kofuna. Aragi kenan, wata irin giya ce, dabino ake jiƙawa ya yi tsami sannan a dafa a tara tururinsa. Na kurɓa, maƙogwarona ya kama da wuta, suna ta dariya suna cewa ƙara ya zol (wato kai mutumina), na ƙara, daga nan sai amai da jiri, asuba ma sai da rana ta take nayi ta.

Kun san tun 1983 da shugaban Sudan na lokacin, Numairi, yasa aka tuttular da giya a kogin Nilu haramun ce ga Musulmi a doka, lokacin bulala 40 ce in an kama shi. Amma ni ba bulalar ce ta tsorata ni ba, littafin bashin matar nan ne. Magidanta masu 'ya'ya a Sinnar da Damazin, kuɗin girbinsu ya ƙare a shafinta tun ba'a gama yanka ba, wani ma ko kuɗin motar komawa gida bashi da shi, haka zai zauna jiran girbin dawa.

Wani dattijo ɗan garinmu ya ganni ina layi da lauje yace "ɗana, kuɗin da uwarka ke jira ne ka fara sha?" Nace "Kawu dan Allah kar maganar taje gida." Yace ba zata je ba in na bashi ajiyar kuɗina har ƙarshen aiki. Na miƙa masa nan take, kuma har yau ban sake kai ta bakina ba.

Mako mai zuwa in sha Allahu zaku ji rigimarmu da wakilin mai gona kan lissafi.