Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ɗakin Waliyi Faransis da Maganar Baffa a kan Ruwa

Makon jiya na ce yau zan shiga batun komowa gida bayan shekarun gini a yankin Umbiriya, tsakiyar Italiya. Ku yi mini haƙuri, hakan zai jira. Tun ranar Laraba maganar Baffa, Allah ya ji ƙansa, take yi mini yawo a kai: tsufa ba ya kashe gini, ruwa ne ke kashe shi, sai kuma hannun mai gaggawa. A kan katangar ƙasa ya faɗe ta, amma babu inda ta fi tabbata kamar wani ɗan ɗakin addu'a na dutse da ke gindin tudun Asisi, kimanin kilomita 4 daga garin. Porziuncola ake kiransa, wato ɗan yankin fili.

Duk girmansa bai wuce mita 4 a faɗi da mita 7 a tsawo ba, zauren gidanmu na da ya kusa kai shi. A da mallakar sufayen Kirista ne na ɗariƙar Benedikt da ke Dutsen Subasiyo, kuma kango ne lokacin da Faransis, waliyin Kiristoci ɗan garin Asisi, ya same shi. Da hannunsa ya gyara shi wajen 1209, bayan ya gyara cocin San Damiyano. Sufayen suka bar masa wurin, shi kuma da yake ya ƙi mallakar komai, sai ya riƙa aika musu kwandon kifi kowace shekara a matsayin haya. Nan aka yanke wa Kilara, 'yar Asisi da ta bi tafarkinsa, gashi ta shiga zuhudu. Nan mabiyan Faransis suka riƙa taruwa. A 1219 ya je Damiyatta ta Masar ana tsakiyar yaƙi, ya gana da Sarki al-Kamil, ya dawo lafiya. A wani ɗan ɗaki daf da wannan ya rasu ranar 3 ga Oktoba, 1226. Har yau kowace 2 ga Agusta mutane na cika wurin don bikin neman gafara da ake dangantawa da 1216, zamanin Fafaroma Honoriyus na Uku.

Abin da ya raya ɗakin, in ka tambayi magini, rufi ne. A 1569 Fafaroma Piyus na Biyar ya sa aka fara gina ƙatuwar majami'a a kansa, bisa zanen Galeazzo Alessi, ba a gama ba sai 1679. Tsawonta mita 126 ne, ɗan ɗakin kuma yana zaune daidai ƙarƙashin ƙubba kamar ƙwai a cikin akushi. Ƙarni uku da rabi ke nan ruwan sama bai taɓa bangonsa ba, sanyin hunturu bai daskarar da laima a cikin dutsensa ba. Ga rabin maganar Baffa.

Ɗaya rabin ma yana nan, kuma yana ƙona mini rai. Don a sami filin babbar majami'ar, an rushe gine-ginen da suka kewaye ɗakin. A bangon baya akwai zanen gicciye na Perujino, na ƙarshen ƙarni na 15, kuma samansa ya tafi a wannan rushe-rushe, ƙasan ne kawai ya rage. Mutanen da suka zo girmama wurin su ne suka yanke shi. Zanen da ke goshin ɗakin kuwa na Friedrich Overbeck ne, na 1829, a gurbin wanda ya riga shi. A ciki, allon da ke bayan bagadi na wani limami ne, Ilariyo na Biterbo, tun 1393. Duwatsun bangon ciki an bar su yadda suke, marasa sassaƙa, sun yi duhu, sun yi sulɓi daga shafar hannun masu ziyara.

Yanzu ga aikin kansa, don matasan magina da ke bin wannan shafi.

Tsohon bangon dutse irin wannan da kwaɓin farar ƙasa aka ɗaura shi, kuma da shi kaɗai ake gyara shi. Ana gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai wajen digiri 900, a zuba shi a ruwa ya tafasa ya zama kamar kindirmo mai kauri, a ajiye shi a rami ƙarƙashin ruwa. Wata uku shi ne mafi ƙaranci, wanda ya shekara ya fi laushi da riƙo. Awo ɗaya na wannan, awo uku na yashi mai kaifi wanda aka wanke. Yashin da ke da gishiri ko laka ba ya shiga. Kafin a cusa sabo, sai a ƙwaƙule ruɓaɓɓen kwaɓin da ke tsakanin duwatsu da ɗan ƙarfe na hannu, zurfin ya kai ninki biyu na faɗin gaɓar. Injin yanka ba ya zuwa nan, yana cin bakin dutse. A share ƙura, a jiƙa gaɓar sosai, domin busasshen dutse yana tsotse ruwan kwaɓi ya bar shi gari. A cusa kaɗan-kaɗan, a danna, in gaɓar mai zurfi ce a yi ta hawa biyu ko uku, kowane ya ɗan kama kafin na gaba. Sannan a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara na kwanaki. Farar ƙasa da iska take ƙarfi, a hankali, daga waje zuwa ciki. Wanda ya bar rana ko iska ta busar da ita da wuri zai ga ta tsattsage tana zuba.

Siminti kuwa, a nan ne hannun mai gaggawa yake. Ya fi dutsen tauri, kuma ba ya barin laima ta fita. Laimar da ke tasowa daga ƙasa, wadda da ta gaɓa take ficewa, sai ta koma ta bi ta jikin dutsen, ta tara gishiri ƙarƙashin fuskarsa, fuskar ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Bayan shekara goma sha wani abu za ka ga layin siminti a tsaye, dutsen ya lotsa. Abin da ɗan Kawu ya yi wa zauren gidanmu ke nan da ya shafe katangar ƙasa da siminti maimakon yaɓe da makuba. An faɗa masa, ya ce zamani ya wuce nan. Damina huɗu aka yi, fatar ta rabu da bango ta faɗo da rabin kusurwa. Ban daina jin zafin wannan ba, kuma ba zan ɓoye ba.

Zanen bango ya fi wuyar sha'ani. A kan ɗanyen shafe ake zana shi, gwargwadon abin da mai zane zai gama a yini ɗaya, launin ya shige cikin farar ƙasar yayin da take kamawa. Mai gyara yana fara wa da ƙwanƙwasawa da gaɓar yatsa, taki bayan taki. Inda ya ji amon ganga, shafen ya rabu da bango. Sai a huda ɗan rami a inda babu launi, a wanke bayan da ruwa da barasar asibiti, a ɗura ruwan kwaɓin farar ƙasa da sirinji, a tokare wurin da laushi har ya kama. Kunkunniyar kyandir da maiƙon hannu ana cire su ta hanyar ɗora takarda mai shara-shara, a shimfiɗa jiƙaƙƙen ɓawon takarda mai ɗan magani a kai, a bari na ɗan lokaci, a ɗauke, a goge da auduga da tataccen ruwa. Kullum a ɗan lungu ake gwadawa tukuna. Inda launi ya ɓace gaba ɗaya, ƙa'idar Italiyawa ita ce kada a ƙirƙiro fuska ko hannu, a cike da siraran layuka waɗanda daga nesa suke sajewa, daga kusa kuma kowa ya gane sabo ne.

Na tsallake 1832, bari in koma. Ranar 15 ga Maris ta wannan shekara girgizar ƙasa ta kayar da rufin tsakiyar babbar majami'ar. Ƙubbar ta tsage amma ta tsaya, ɗan ɗakin da ke ƙarƙashinta ya tsira. Luigi Poletti ne ya jagoranci sake ginin daga 1836 zuwa 1840. Ƙasar can ba ta daina motsi ba. Ranar 26 ga Satumba, 1997, wata girgizar ta kayar da sashen rufin babban cocin Waliyi Faransis da ke kan tudu, mutum huɗu suka rasu a ciki, biyu sufaye, biyu ma'aikatan da suka shiga duba ɓarna. Daga cikin abin da aka yi bayan nan har da kwashe tarin ɓaraguzai da suka daɗe jibge a bayan bakunan rufin, saboda nauyinsu ya taimaka wa faɗuwar.

Shi ya sa a can ba a rufe tsaga da zarar an gan ta. Ana manna ɗan ma'auni a kanta, a rubuta kwanan wata, a duba shi tsawon shekara guda, zafi da sanyi. Tsagar da ke buɗewa da rufewa tare da yanayi numfashin gini ce, kwaɓi mai laushi ya ishe ta. Wadda ke ƙara faɗi kullum tana nuna tushe na nutsewa ko bango na fita waje, sai a ɗaure bango da bango da sandar ƙarfe mai faranti a waje, a kuma bi ruwan da ke jiƙa tushen har a gano ta inda yake shiga. Baffa bai taɓa ganin ma'aunin ba. Shi tsinken ciyawa yake soka wa a tsaga bayan ruwan farko, ya dawo bayan kaka ya ga ko ya saki, kafin nan kuma ya hau ya share indararo.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, batun komowa gida da abin da Inna ta tarar a zauren.