Tarihin Rayuwata, kashi na 11: Ranar da aka raba kuɗin ƙungiya

Assalamu alaikum 'yan uwa, wancan satin mun tsaya ne a inda na kai takardar gidanmu ta titir fonsiye wajen wani ƙaramin banki a Marwa ta ƙasar Kamaru na karɓo bashin sefa miliyan 2 don in ƙara jari. To ga cigaba.

Lokacin sana'ata kayan Najeriya nake ɗaukowa ta garuruwan kan iyaka Banki da Amchide, atamfa da takalma da kayan roba, kuma wallahi harka tana tafiya. Sai 2014 ta zo Boko Haram suka hana hanyar nan kwata kwata, Amchide ta zama kufai, kayana na ƙarshe suna can har yau ban san inda suka shiga ba. A Yulin 2015 kuma bam ya tashi a babbar kasuwar Marwa da unguwar Barmare, mutane suka daina fitowa, sai ka buɗe butik tun safe har la'asar ba ka sai da na jaka 2 ba, amma banki ba ruwansa da bam, ƙarshen wata ƙarshen wata ne, ruwan kuɗi na hawa har wisiye, wato mai kai takardun kotu, ya kawo min takarda gida gaban yarana.

Muna da ƙungiyar tontin, wato adashe, ta 'yan kasuwa, akwai asusun taimako a gefe. Mu huɗu muka kai kuka, duk gidajenmu ne a jingine, kuɗin kuma ba zai ishi sama da mutum biyu ba. Aka zauna a zauren Alhaji shugabanmu bayan isha'i.

Nan fa aka fara auna mutane kamar ana auna gero. Ni aka ce bashin kasuwa na ci, ƙaddara ce ta faɗa min, na cancanta. Na biyu direban kamiyo ne, babbar motar kaya, shi ma aka ce to. Na uku ya sayi mota da kuɗin, ba a ma daɗe a kansa ba. Na huɗu maƙwabcina ne tela, dattijo, ya ci bashin ne ya yi rufin kwano ya kuma yi wa 'yarsa kayan ɗaki. Sai Alhaji ya ce, "Malam kai fa da hankalinka ka jinginar da gida saboda gado da kujeru, wa ya aike ka?" Tela ya ce, "Alhaji ɗinkin salla nake biya da shi shekara 2 ban taɓa latti ba, yanzu wa ke ɗinki?" Ba wanda ya amsa masa. Limaminmu ya karanto ayar Baƙara ta 280, cewa in mai bashi yana cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi, ya kuma tuna mana masu bashi suna cikin mutum takwas da ake ba zakka, kuma malamai sun ce matuƙar ba a saɓo aka kashe kuɗin ba. Aurar da 'ya saɓo ne? Amma aka ce ai almubazzaranci ne, kuma cikin masu faɗin haka akwai waɗanda da bakinsu za su yi da shi a gari in ya kai yarinya ɗaki ba komai.

Ni kuwa shiru na yi. Na san abin da ya karya ni shi ya karya tela, hanya ɗaya ce ta rufe mana duka, amma ina tsoron in na buɗe baki a raba kuɗin uku ya kasa fitar da ni. Wannan shirun har yau yana ci min rai.

Bayan kwana biyu ɗan kawuna da ke tuƙin tasi a Amurka ya kira, na ba shi labari. Shi ma gidansa ya tafi a 2009. Ya ce, "Yaya ai mu nan mun ga wanda ya fi haka." Ya ce bankunan da kansu suka dinga tura wa talakawa bashin gida, ruwan kaɗan da farko daga baya ya yi tsalle, da abin ya fashe babban bankin nan Lehman Brothers ya rushe a Satumbar 2008, wata ɗaya bai cika ba gwamnatin Bush ta ware dala biliyan 700 don ceto bankuna. Amma da Obama ya zo da shirin sassauta wa masu gidaje, sai wani ɗan talabijin ya tsaya a Chicago yana ihu wai wa zai yarda ya biya wa maƙwabcinsa bashin gida alhali maƙwabcin ya ƙara banɗaki kuma ya kasa biya. Da na ji maganar banɗakin nan sai muryar Alhaji ta dawo min, gado da kujeru.

Ƙungiya ta biya min rabi, banki ya yarda ya ja min sauran. Gidan tela kuwa aka yi gwanjonsa bayan wata 5. Ranar da zai tashi na je taya shi ɗaukar kaya, ni na ɗora keken ɗinkinsa a pus pus, ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana Allah ya bar maka naka." Ya koma haya ɗaki biyu a unguwar Domayo.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗi yadda muka sake haɗuwa da shi a asibiti, da abin da na gaya masa.